Yadda Ake Auna Haɗari da Rage Shi a Wurin Gini da Gyare-gyare

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ranar da ake zuba kankaren dekin ya san yadda wurin yake cika tun da sanyin safiya. Injin kwaɓa yana ta gurnani, leburori sun yi layi kowa da kwanon sarki a ka, suna hawa gadar katako da aka jingina da bango da sauri-sauri, domin kuɗin ranar jimla aka yi, kuma ba a tashi sai an gama zubi. Yawancinsu silifas ne a ƙafarsu, wasu kuma sun naɗe ƙafa da yagaggen buhun siminti. A ƙarƙashin dekin ɗin gora ce da sanduna ke ɗauke da nauyin da sau da yawa babu wanda ya zauna ya lissafa, alhali kankare mai kaurin santimita 15 yana kai kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita, ban da mutanen da ke kai da kawowa a kansa. Idan an tashi lafiya sai a ce Allah ya kiyaye, kuma gaskiya ne shi ya kiyaye, amma iyayenmu ma cewa suka yi Allah ya ce tashi in taimake ka.

Wannan bayani an yi shi ne domin wanda alhakin wurin aiki yake wuyansa, ko foman ne, ko ɗan kwangila, ko injiniya, ko kuma maigidan da ya ɗauko magina yana gina gidansa da kansa. Misalin da za a riƙa komawa kansa shi ne bene mai hawa biyu a tsakiyar unguwa, irin wanda ake gani a kowane lungu na Kano ko Kaduna ko Maraɗi, domin a irin waɗannan ƙananan ayyuka ne aka fi yin sakaci. Kafin a shiga matakan, ya kamata a bambance abu biyu. Akwai abin da ke iya cutarwa, kamar rami ko wayar wuta ko gefen bene, akwai kuma girman haɗarinsa, wato yiwuwar ya cutar da wani da kuma munin cutarwar in ta auku. Ramin da aka zagaye da shinge da ramin da aka bari a buɗe kusa da hanyar yara duk rami ne, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na farko: zagaya wurin da ƙafa

Ba a auna haɗari daga cikin mota ko ta waya. Kafin a sa diga a ƙasa, mai kula da aiki ya ɗauki takarda da biro ya zagaya filin gaba ɗaya, yana duban sama da ƙasa da gefe. A sama ya nemi wayoyin wuta, musamman manyan layukan da ke ɗauke da ƙarfin kilobolt 11 ko 33 waɗanda ke ratsa unguwanni da yawa. A ƙasa ya bincika ko akwai tsohuwar rijiya ko shadda da aka binne, ko bututun ruwa, ko wayar da aka bi da ita ta ƙarƙashin ƙasa, kuma a nan tsofaffin unguwa sun fi kowace taswira amfani, don haka a tambaye su. A gefe ya dubi katangar maƙwabta, musamman in ta ƙasa ce, ya ga ko haƙan fandisho kusa da ita zai zare mata gindi.

Daga nan sai a rarraba aikin kashi-kashi yadda zai gudana: share fili, haƙa, zuba fandisho, jera bulo, ɗaurin rodi, kafa katakon dekin, zubi, rufi, sa wayoyi, filasta da fenti. Kowane kashi da nasa abin tsoro, kuma abin da babu shi a makon farko yana iya zama mafi muni a wata na uku. A yi wannan zama tare da masu aikin kansu. Birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi sun san inda abin yake cizo, sai dai ba su saba a tambaye su ba. Tambaya ɗaya tana buɗe baki: “Malam, a wannan aikin mene ne ya taɓa kusa hallaka ka, ko wani da ka sani?” Amsar da za a samu ta fi abin da za a kwafo daga kowace takardar ofis.

Mataki na biyu: wa abin zai shafa

A nan ne yawancin masu auna haɗari suke taƙaita tunaninsu ga ma'aikata kawai, alhali wurin gini a unguwanninmu ba shi da ƙofa. Yara suna shiga wasa kan yashi da zarar an tashi, almajirai suna ratsawa, 'yan mata masu tallar abinci da ruwa suna zama a inuwar bangon da ake aiki a samansa, maigadi kuma yana kwana a ɗakin da ake ajiye janareta da fetur. Ramin sokawe da ya cika da ruwan sama ya isa ya cinye yaro cikin 'yan mintuna ba tare da an ji ko ihu ba. A cikin ma'aikata ma ba duka suke daidai ba, domin ɗan ci-rani da ya zo daga ƙauye bayan girbi, wanda bai taɓa hawa bene ba, ya fi tsohon hannu kusa da faɗuwa, kuma kunya ba za ta bari ya ce bai iya ba. A rubuta waɗannan rukunoni a gefen kowane abin cutarwa da aka gano.

Mataki na uku: ba kowane haɗari maki

Hanyar da aka fi amfani da ita mai sauƙi ce. A ba yiwuwar aukuwar abu maki daga 1 zuwa 5, inda 1 ke nufin da wuya ya faru, 5 kuma kusan tabbas ne. A ba munin sakamakon maki daga 1 zuwa 5, inda 1 ƙwarzane ne da za a wanke a ci gaba da aiki, 3 karaya ko raunin da zai kwantar da mutum, 5 kuma mutuwa. Sai a ninka biyun. Aiki a gefen dekin hawa na biyu ba tare da shinge ba yana iya samun 4 a yiwuwa da 5 a muni, jimla 20. Taka ƙusa da silifas yana iya samun 5 da 2, jimla 10. Abin da ya kai 15 zuwa sama ba a fara shi sai an gyara, abin da ke tsakanin 8 da 12 a gyara shi cikin kwanakin da aka ƙayyade, na ƙasa da haka kuma a sa masa ido.

Waɗannan lambobi ba wahayi ba ne, mutum biyu suna iya ba abu ɗaya maki daban, kuma babu laifi. Amfaninsu shi ne su tilasta wa mai aiki ya jera abubuwa bisa muhimmanci, domin ɗabi'ar mutum ce ya fi damuwa da abin da yake gani kullum, kamar yankan hannu, ya manta da abin da bai taɓa gani ba amma in ya zo sau ɗaya gawa ake ɗauka. A ra'ayina duk abin da ya samu 5 a muni a ɗauke shi da gaske ko da yiwuwarsa 1 ce.

Mataki na huɗu: zaɓi maganin bisa tsari

Da an ce tsaro a wurin gini, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne hular kwano da riga mai sheƙi. Waɗannan su ne na ƙarshe a jerin magunguna, kuma mafi rauni, domin sun dogara ga mutum ya tuna ya sa, ya jure zafi bai cire ba. Tsarin da ya dace shi ne a fara tambaya ko za a iya kawar da haɗarin ɗungurungum, kamar a haɗa katakon rufi a ƙasa sannan a ɗaga shi, maimakon kafinta ya yini a sama yana auna da yanka. In ba zai yiwu ba, a musanya da abin da ya fi sauƙin cutarwa, kamar fentin ruwa a madadin mai ƙarfin wari a ɗakin da ba iska. Na uku shi ne a raba mutum da haɗarin ta hanyar wani abu da aka kafa, wato shinge, murfi, tokare, ko kariyar da ke kan faifan injin yanka. Na huɗu tsarin aiki ne, wanda ya haɗa da horo, alamomi, sauya lokaci da izinin shiga. Sai a ƙarshe kayan kariya na jiki su rufe abin da ya rage. Wanda ya raba huluna ya bar gefen bene a buɗe ya kashe kuɗinsa ne a inda ba ya tsare rai.

Mataki na biyar: bi manyan makasa ɗaya bayan ɗaya

Faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe masu aikin gini a ƙasashe da yawa, don haka da ita ake farawa. Duk gefen da mutum zai iya faɗowa ya ji rauni, a kafa masa shinge mai tsayin kusan mita ɗaya, da wani katako a tsakiya, da kuma allo mai faɗin santimita 15 a ƙasa wanda zai tare bulo ko guduma kada su gangaro kan na ƙasa. Ramin matakala da duk wata kafa da aka bari a dekin a rufe su da katako mai ƙarfi a buga ƙusa, domin murfin da ba a kafe ba wani zai ɗauke shi ya yi wani aiki da shi. Dandamalin da magina ke hawa ya tsaya kan ƙasa mai tauri da faffaɗan katako a ƙarƙashin kowace ƙafa, ba kan bulo ko ganga ba, a ɗaure shi da jikin ginin, a shimfiɗa katakonsa ba gibi. A duba shi kafin a fara amfani da shi, a sake dubawa duk mako, da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi ko ruwan sama. Kada a jibge masa bulo fiye da na aikin da ke hannu.

Tsani kuwa hanyar hawa ce, ba wurin yini ana aiki ba. A jingina shi yadda in tsayinsa zuwa inda ya dafa mita 4 ne, gindinsa zai nisanci bango da mita 1. Kansa ya zarce inda za a sauka da kusan mita 1, a ɗaure shi a sama ko wani ya riƙe gindin, kuma mai hawa ya kasance kullum gaɓoɓinsa uku suna riƙe da shi, wanda ke nufin ba a hawa da bokitin fenti a hannu, sai dai a ja shi da igiya. Inda shinge ba zai yiwu ba, kamar kan rufi mai gangara, a yi amfani da ɗamarar tsaro da aka ɗaure a wuri mai ƙarfi sama da kan mutum. A tabbata igiyar ba ta kai tsawon da mutum zai bugi ƙasa kafin ta riƙe shi ba, kuma a shirya yadda za a sauko da wanda ya rataye cikin gaggawa, domin daɗewa a rataye ma yana iya kashewa.

Haƙa ita ce ta gaba, kuma ita aka fi rainawa saboda mutum yana ganin ai ƙasa ce kawai. Ƙasa mai cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi tana kai tan ɗaya da rabi, kuma wanda ta binne zuwa ƙirji ba ya iya jan numfashi ko da kansa yana waje. Ramin da ya wuce mita 1.2 a tokare bangonsa da katako, ko a kwantar da gefensa, ko a yi shi hawa-hawa. Ƙasar da aka haƙo a zuba ta aƙalla santimita 60 daga bakin ramin, a hana tifa da baro kusantar gefen, a sa tsani a ciki kusa da masu aiki. Da damina a sake duba ramin kowace safiya, domin bangon da ya tsaya cak jiya yana iya jiƙewa cikin dare. Tsagewa a bakin rami ko yoyon ƙasa daga bango alama ce ta a fito nan take. Da an tashi aiki a kewaye ramin, ko da da tsofaffin kwanon rufi ne.

Wutar lantarki tana kama mai ɗaurin rodi ne yawanci a lokacin da ya ɗaga rodi mai tsawon mita 12 a kan dekin ya juya da shi. Babban layi ba ya jira a taɓa shi, wutar tana iya tsallakowa ta iska, saboda haka mutum da duk abin da yake riƙe da shi su nisanci irin waɗannan layuka da aƙalla mita 3, fiye da haka ga layukan da suka fi ƙarfi. In aikin ba zai yiwu da wannan tazara ba, a je ofishin kamfanin rarraba wuta a nemi a kashe layin a rubuce. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba a sanar da kowa lokacin da za a maido ta. A cikin wurin aiki kuma a daina cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, a ɗaga wayoyi daga ƙasa mai ruwa, a sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta ji yoyon miliamfiya 30. Janareta ya zauna a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma ta sha kashe masu barci a ɗaki rufe.

Rushewar gini tana farawa ne tun daga takarda. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021 ya kashe fiye da mutum 40, yawancinsu ma'aikata, kuma a ƙarshen Agusta na 2022 wani bene da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano. Abin da ke hannun mai kula da aiki shi ne ya tabbata akwai zanen injiniya mai rajista da izinin hukumar tsara birni, irin su KNUPDA a Kano, kuma kada a ƙara hawa a kan abin da aka zana saboda maigida ya samu kuɗi. Kafin zubi, injiniya ya duba rodi da tokare. Kowace gora ta tsaya a miƙe kan katako, a ɗaure su da juna ta gicciye, kuma a lokacin zubi babu mai zama a ƙarƙashi, sai dai a sa mutum ɗaya ya riƙa lura daga gefe, wanda aka ba ikon tsayar da aiki in ya ga tokare yana lanƙwasa. Kada a tara kankare tsibi guda a wuri ɗaya. Kankare yana kai ƙarfin da aka zana shi a kai ne a kwana 28, don haka ranar cire tokare injiniya ne zai faɗe ta, ba kafintan da ke son katakonsa don wani aiki ba. A ayyuka irin namu akan bar shi mako biyu zuwa uku ana ba shi ruwa.

Rijiya da sokawe da shadda da tankin ruwa ko na mai suna da wata irin kisa ta daban. A cikin iskar da muke shaƙa, kusan kashi 21 cikin 100 ne iskar oksijin da rai ke buƙata, kuma a ƙasan irin waɗannan wurare tana iya raguwa, ko wata iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta taru, wadda in ta yi yawa take kashe jin warin kansa. Abin da ke sa mutuwar ta zama ta mutum biyu ko uku shi ne na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Dokar a nan ba ta da sassauci: a buɗe a hura iska ta daɗe kafin shiga, a auna iskar da na'ura, mai shiga ya sa ɗamara da igiya, mutum ya tsaya a baki ba ya gusawa, kuma kada a sauke injin jan ruwa mai amfani da fetur a ciki. In wani ya suma a jawo shi da igiya, ba a shiga.

Tifa da motar siminti a ba su hanya guda, kuma duk lokacin da za su yi baya mutum ɗaya ya tsaya inda direba ke ganinsa yana ba shi hannu, bayan an kori yara.

Akwai kuma cutarwar da ba ta zubar da jini, shi ya sa ba a lissafa ta. Jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata sannu a hankali, sai bayan sa'o'i mutum ya ga ƙafarsa ta saɓule, don haka masu shiga kankare su sa dogon takalmin roba da safar hannu. Ƙurar yankan bulo da tayil da kankare tana taruwa a huhu ta zama ciwon da ba ya warkewa, maganinta shi ne a yanka da ruwa a kuma sa takunkumin ƙura na gaske, ba ƙyalle ba. In mutum biyu da ke tsaye kusa da juna sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, ƙarar ta isa lalata kunne, a toshe shi. Buhun siminti kilo 50 ne, baro ko mutum biyu sun fi bayan mutum ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a tanadi inuwa da ruwa, a riƙa sha kaɗan-kaɗan kamar kofi ɗaya duk minti 20. In azumi ya faɗo a wannan lokaci a fara aiki bayan asuba a tashi kafin rana ta take, kuma a ɗage aikin sama da zubi zuwa safiya.

Aikin gyara yana da nasa tarko, domin ana shiga ginin da wani ya yi ba tare da sanin abin da ya ɓoye ba. Kafin a fasa bango a tabbata ba shi ke ɗauke da nauyin sama ba. Kafin a taɓa waya ko injin, a kashe daga tushe, a sa kwaɗo, mai aikin ya riƙe makullin a aljihunsa, sannan a gwada a tabbata babu wuta, kuma a tuna gidaje da yawa yanzu suna da janareta da sola da batir, kowannensu yana iya maido da wuta ta baya. Na taɓa ganin mai gyaran fanka yana kan tsani, yaron gida ya shigo ya ga duhu ya ɗaga makunnin da aka kashe, sai dai Allah ya sa hannun mutumin ba ya kan wayar. Tsofaffin makarantu da asibitoci da gidajen gwamnati da yawa suna da rufi ko silin na asbestos, wanda ba ya ɗaukar nauyin mutum, kuma ƙurarsa tana jawo sankara bayan shekaru masu yawa. Ba a taka shi, ba a yanka shi da inji, a jiƙa shi a cire shi ɗungurungum.

Mataki na shida: rubuta, a ɗora wa mutum, a sa rana

Takarda ɗaya ta isa, mai layuka shida: aikin, abin cutarwa, wanda zai shafa, maki, maganin da aka zaɓa, sai sunan wanda zai yi da ranar gamawa. Layin ƙarshe shi ne ran takardar, domin aikin da aka ce “a yi” ba a ce wa zai yi ba, ba ya yiwuwa. A rubuta da Hausa a manna inda kowa zai gani, kuma kowace safiya a tara ma'aikata minti biyar zuwa goma a faɗi aikin ranar da abin da za a kiyaye, saboda da yawa ba sa karatun boko. Sabon zuwa kuma a zagaya da shi kafin a ba shi shebur.

Kuɗin shinge da tokare da kayan kariya a sa su cikin lissafin kwangila tun farko. A kuma dubi yadda ake biya, domin birkilan da ake biya bisa yawan bulon da ya jera ba zai ɓata sa'a guda yana gyara dandamali ba, sai in an biya shi wannan sa'ar. Foman ya faɗa a gaban kowa cewa wanda ya tsayar da aiki saboda ya ga haɗari ba za a yanke masa kuɗi ba, sannan ya cika alkawarin a karon farko da aka gwada shi.

Mataki na bakwai: shirin ranar da abin ya faru

A ajiye akwatin taimakon farko da ruwa mai tsabta da abin kashe gobara, a san asibiti mafi kusa da ke karɓar masu rauni da motar da za ta kai. Wanda ya faɗo daga sama ba a ciccibe shi, a tsayar da kansa da wuyansa a ɗauke shi kan faffaɗan katako. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi sai an kashe ta, in kuma babban layi ne ko kusantarsa ba a yi. Siminti a ido a wanke da ruwa mai gudana na minti 20 kafin a tafi asibiti, wanda ya taka ƙusa kuma a kai shi a duba batun allurar sarƙewar haƙora. A Najeriya dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun inshorar ma'aikata na hukumar NSITF, kuma ta haɗa da masu aikin wucin gadi. Ma'aikaci yana sanar da maigidansa rauni cikin kwana 14, shi kuma maigidan ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7.

Mataki na takwas: sake dubawa

Takardar da aka rubuta lokacin fandisho ba ta da amfani lokacin rufi. A sake zama a kanta duk sa'ad da aka shiga sabon kashi na aiki, ko aka kawo sabon inji, ko aka sauya zane, ko damina ta faɗi. A kuma buɗe littafi na abubuwan da suka kusa faruwa, irin bulon da ya faɗo bai samu kowa ba, ko katakon da ya karye mutum ya dafe. A rubuta ranar da wurin da dalilin, ba tare da neman wanda za a zaga ba, domin da an fara hukunta mai kawo labari labarin zai daina zuwa. Duk ranar Alhamis ko Asabar, kafin a biya kuɗin mako, foman ya karanta abin da aka rubuta a gaban ma'aikata, ya faɗi wanda aka gyara, wanda ba a gyara ba kuma a sake sa masa suna da rana.